Waƙar Tsohon Gari

Tiga,
Watan Rajab.

Zuwa ga Yayana Mujitaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Salamatu da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Baba yana ta fama da ban ruwan albasa. Kakarmu Iya Asabe kuwa jikin tsufa ne, wata rana ta gane mu, wata rana ta tambaye ni 'yar gidan wa ce ni.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa a hannun Wada direba alhali ga waya. Na sha ɗaukar wayar in kira ka, amma da na zo kan sunan ƙanenmu Zayyad sai murya ta ƙi fita. A rubuce ya fi mini sauƙi.

Ka san kafin hatsarin da ya yi ajalinsa a hanyar Falgore, shi da abokansa 'yan ƙungiyar Marmara sun gama naɗar waƙoƙinsu na kiɗan rok, mai gitar lantarki da ganguna, wanda Baba yake cewa kamar ana sauke kwanon rufi daga mota. To Sharif, mai buga musu ganga, ɗan garin Ɗansoshiyan nan da kake gani tare da shi, ya saki albam ɗin a intanet. Ya yaɗu fiye da yadda kowa ya zata. A tashar Bebeji na ji shi, a shagon cajin waya na ji shi. Ina tafiya makaranta sai in ji muryar ƙanena ta fito daga aljihun wani da bai taɓa ganinsa ba.

Waƙar ƙarshe ita ce ta ta da ƙura. Sunanta Tsohon Gari. A ranin bara ne ya zaunar da Iya a tsakar gida, ya ajiye na'urarsa a kan tabarma, ya roƙe ta ta kira masa mutanen garinsu da ruwan dam ya cinye, gida gida, yadda ta san su tana amarya. Ta fara daga bakin tsamiya ta nufi masallaci. Duk sunan da ta kira, sai Zayyad ya amsa da na'am a madadin mai sunan, daga baya ya ɗora gita a ƙarƙashi, mai nauyi, kamar hadari yana haɗowa. Da sunaye suka ƙare, sai Iya ta kira shi shi kansa, Zayyad. Daga nan ba a jin komai sai gunjin gitar yana ja har ya mutu.

Yaya, ka ga yadda mutane suka rabu a kanta. Samarin birni suna rubuta cewa ita ce ta ɓata albam ɗin, tsohuwa tana surutu babu amshi babu rawa, su tsallake ta suke yi. Wasu kuma sun ce sauran waƙoƙin duk share fage ne, ita ce zuciyar aikin. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini shi ne wani rukuni da suka rantse cewa in ka sa iyafis a kunne ka ƙure murya, za ka ji ya amsa can ƙasa ƙasa. Wasu suka ce ƙarya ne, tsakin waya ne kawai. Har zage-zage suke yi, su da ba su san kalar fuskarsa ba.

Ni ina gidan ranar da aka naɗa. Ina tsintar shinkafa a ƙofar ɗaki. Na yi ta ƙoƙarin tuna ko ya amsa mata, na kasa. Ina ganin rigarsa, ina ganin yadda ya tanƙwashe ƙafa, amma wannan wurin ya goge.

Yanzu Baba ya aika wa Sharif cewa a sauke albam ɗin gaba ɗaya. Ya ce ba zai zauna ɗansa yana kwance a kabari kiɗa yana bin sa ba. Sharif ya nemi a ba shi lokaci. Baba yana jin maganarka, shi ya sa na ce bari in ji ra'ayinka.

Umma tana gaishe ku. A shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Bushira.

Tiga,
Watan Sha'aban.

Yaya Mujitaba,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fatan kuna lafiya, zazzaɓin da ka ce ƙaramar tana yi kuma ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi.

Amsarka ta iso. Na karanta ta a makaranta lokacin hutun tara, na kasa komawa aji da wuri. Ka ce kana bayan Baba, a sauke, addu'a ita ce abin da Zayyad yake buƙata. Ban musa ba. Amma ka ce kai ba ka saurara ba, kuma ba za ka saurara ba. Na fahimce ka, tsoro ne irin nawa, sai dai kai naka ya kore ka, ni nawa ya zaunar da ni.

Ban ɓoye maka ba, kullum sai na ji waƙar Tsohon Gari. Ina komawa bayan ajin 'yan firamare ɗaya in toshe kunnuwa da iyafis, in kai waƙar wurin da Iya ta kira shi, in riƙe numfashi. Wata rana sai in ji kamar akwai wani abu. Da na maimaita sai ya ɓace. Na rame, har Umma ta fara tambaya.

Sharif ya zo makon jiya. Bai shigo ba, a ƙofar gida muka gaisa. Ya ce ya buɗe asalin naɗin a kwamfuta ya duba, babu murya a wurin, shiru ne. Na ji kamar an yanke mini wani abu. Sai kuma ya sunkuyar da kai ya ce shi ma, duk da ya gani da idonsa, ba ya iya jin ƙarshen waƙar yana shi kaɗai a ɗaki. Ya ce a cikin 'yan ƙungiyar ma ba su daidaita ba. Mai ɗaya gitar yana so a yanke kiran ƙarshe, ya ce cin amana ne a bar mutane suna wasa da shi. Sharif ya ce Zayyad da hannunsa ya bar wurin haka, shi ba zai taɓa ba.

A nan Tiga kuma gardamar ta ɗauki wata hanya. Masunta suna sa ta a bakin ruwa suna gyaran koma. Tsofaffin da aka taso daga Tsohon Gari kan taru su saurara, ba ruwansu da gitar. Malam Gwadabe, mai saƙar raga, ya yi fushi sosai wai Iya ta tsallake gidansu. Wani ya ce masa ai ta kira mahaifinsa da laƙabinsa, shi ne bai gane ba. Aka mayar masa da waƙar wurin. Wanda ya ba ni labari ya ce tsohon nan ya ajiye ragar, ya tashi ya tafi har bakin ruwa ya tsaya, ya daɗe bai juyo ba.

Yadda ruwa ya ja baya bana, kan kututturen tsamiyar nan ya fito. Ina wucewa in gan shi daga nesa. Da ba na kula da shi. Yanzu na san daga nan Iya ta fara kira.

A gidan nan Iya ce kaɗai ba ta ji waƙar ba. Muna ɓoye mata. An gaya mata rasuwar tun ranar, ta yi kuka, gari ya waye ta manta. Har yanzu takan ce a ajiye masa tuwo.

Baba ya ba Sharif zuwa farkon azumi. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Bushira.

Tiga,
Watan Ramadan.

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da shan ruwa. Yaya ibada, yaya iyali? Allah ya karɓa mana. Mu nan lafiya, zafi ne dai ya matsa.

Abin da muke gudu ya faru, kuma ba yadda muka zata ba.

Ranar Juma'ar da ta gabaci azumi, da hantsi, Luba maƙwabciyarmu tana wanki ta kunna waƙar a wayarta. Katanga ce kawai tsakaninmu. Iya tana kan tabarma a inuwar rumfa, ni ina yanke mata farce. Na yunƙura zan je in ce a kashe, sai ta riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Ba ta gane muryarta ba, Yaya. Ta karkata kai ta ce wannan matar 'yar garinsu ce, ta san mutane. Duk sunan da aka kira sai ta gyaɗa kai. Wani ta ce mai rowa ne, wata ta ce tare suka je ɗiban ruwa. Fuskarta ta washe yadda na daɗe ban gani ba. Baba ya dawo daga gona a daidai lokacin, ya tsaya a bakin zaure da fartanya a kafaɗa. Na zaci zai yi faɗa. Sai aka kira sunan mahaifinsa, Alasan, muryar Zayyad ta amsa. Baba ya sauke fartanyar a hankali ya jingina da bango.

Aka zo ƙarshe. Matar cikin waya ta kira Zayyad. Gitar ta yi ta gunji. Iya ta jira, ta ƙara jira, sai ta juyo ta dube ni ta ce, "Ɗan wa ne wannan da zai bar tsohuwa tana kira?" Sai ta ɗaga murya wajen katangar ta ce, "Na'am, baiwar Allah. Ki yi haƙuri, yana zuwa."

Daga nan ta miƙo mini ɗaya hannun in ci gaba da yanke farcen.

Ranar Baba ko abinci bai ci sosai ba. Washegari ya sa aka kira Sharif. A zaure suka zauna, ni na kai musu ruwa. Baba ya ce shi har gobe ba ya son kiɗan, kuma ba zai ce ya halatta abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Amma ba zai sa a sauke ba. Sharaɗinsa ɗaya, a rubuta a ƙarƙashin waƙar cewa duk wanda ya saurara ya yi wa mai ita addu'a, shi da mutanen da aka kira. Ya kuma roƙi a cire masa muryoyin su kaɗai, ba gita, a sa masa a waya. Sharif ya yi kuka a gabansa kamar ƙaramin yaro.

An rubuta. Yanzu in ka duba, addu'o'i sun fi yawa, daga Kiru, daga Tudun Wada, daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Masu gardama ba su daina ba. Jiya ma wani ya rubuta cewa har yanzu ita ce mafi rauni a albam ɗin, wani ya amsa masa cewa bai da kunne, wata kuma ta sake rantsuwa ta ji amsar. Na daina shiga tsakaninsu ko a zuciyata.

Na ajiye iyafis ɗin. Ban ce na warke ba. Wani lokaci ina tsakar gida sai in ji kamar an kira wani, in tsaya da abin da nake yi, in saurara. Ba kowa. Iya kuma tun ranar ba ta ƙara cewa a ajiye masa tuwo ba. Ban san me ta gane ba, ban kuma tambaye ta ba.

Roƙona gare ka, kada ka saurari waƙar nan a can kai kaɗai. Ka bari sai ka zo Sallah. Jikin Iya yana ƙara sanyi, kada ka ɗaga zuwan. Mu zauna a rumfa mu duka mu ji ta tare, sannan mu je mu ziyarce shi.

Umma da Baba suna gaishe ku. Allah ya ji ƙan Zayyad, ya haskaka makwancinsa, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Bushira.