Gaisuwar Mma Shafi Biyu

Zogbeli, Tamale
9 ga Fabrairu, 1958

Ƙanena Imurana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan iskar Akra ba ta kwashe maka sauran Hausar ba. Wasiƙarka ta iso, da Turancin da ya fi na Turawan da suka tafi. Mun fahimci jirgin ruwa zai kai ka Ingila karatu a Satumba, kuma aikin ofis ba zai bar ka ka zo sallama ba.

Na fassara wa Mma. Washegari ta rufe ƙwaryar man kaɗenta da wuri, ta zo ajin manya da nake koyarwa bayan la'asar, ta zauna a bencin gaba. Ta ce tunda da Turanci ɗanta yake ji yanzu, da Turanci za ta kira shi gida. Na ce ta kawo in rubuta mata. Ta ce Sayibu mai rubutun wasiƙa a bakin gidan waya yana ƙara gishiri, ni kuma ina ragewa.

Shekara uku na yi a jami'a, ban taɓa tsoron ɗalibi ba sai yanzu.

Yayarka,
Zalia

Zogbeli, Tamale
27 ga Yuli, 1958

Imurana,

Ina gaishe ka. Na ga amsarka, wai kada in wahalar da tsohuwa. Ni ake wahalarwa. Hannun da ya saba da ajami daga dama, ta juya shi da kanta cikin mako biyu. Yanzu har rubutun jikin loruka take karantawa, tana gyara wa direbobi.

Na koya musu tsarin wasiƙa: gaisuwa layi ɗaya, sai batu, kowane sakin layi da magana ɗaya, sai sallama. Jiya mai duba makarantu ya zo gwaji. Mma ta rubuta maka wasiƙa, ta cika shafi biyu da gaisuwa, gida gida, daga ƙofarmu har Kanvili, kowa da sunansa. Batun kansa kalma biyu ne a ƙarshe. Mutumin ya ce Turanci ba ya son zagaye, ta kauce daga batu, ba takardar shaida a bana.

Mma ta dube shi, ta ce, "Ɗana, kai aka rubuta wa?"

Ta karɓe takardarta, ta ninke. Ga ta nan a cikin ambulan. Ban taɓa ko harafi ɗaya ba, ko da yake hannuna ya yi ƙaiƙayi.

Yayarka,
Zalia

Akra
5 ga Agusta, 1958

Yaya Zalia,

Ina gaishe ki, ina gaida Mma. Ki yi haƙuri da Hausar, ta yi tsatsa.

Na karanta wasiƙar Mma sau uku. Ta bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, sai ta tsallake Baba Andani da ya koya mini karatun allo. Ta tsallake Goggo Sanatu. Na ƙirga mutum biyar da ba su gaishe ni ba. Na san ba a rubuta wa matafiyi rasuwa, amma ba wanda ya taɓa gaya mini komai a fili kamar haka.

Na nemi hutun mako biyu. Ranar Asabar zan hau lori. Kada ki faɗa mata da baki. Zan rubuta mata daban, ta karanta da kanta.

In mai duba makarantu ya dawo, ki ce masa wanda aka rubuta wa ya gane.

Ƙanenki,
Imurana