Inna Ta Ji Muryar Sani

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Ina gaishe ka da kyau, tare da Anti Zainab da yara. Yaya aiki, yaya ciwon ƙafar? Yaya ƙarin haƙurinmu? Mu a Birnin Gwari da sauƙi, sai dai har yanzu ba mai leƙa gonarmu ta Saminaka.

Tun da 'yan bindiga suka kashe ɗan'uwanmu Sani a hanyar Dogon Dawa, Inna take roƙona in nemo mata muryarsa. Na kunna kwamfutarsa don in buɗe wani bidiyonsa da ke ciki, amma sai nauyi da zafi, caji ya ƙare bidiyo bai buɗe ba, ga wuta ba ta zama.

Na kai wa Malama Rahila, abokiyar koyarwarsa. Ta duba ta ce, "Hadiza, burauza ce, wato manhajar shiga intanet. Ko kin rufe ta, tana nan tana aiki a ɓoye, tana shanye caji." Ta shiga saitin burauzar ta kashe abin da ke barin ta aiki bayan an rufe, ta cire wasu ƙananan manhajoji da suka maƙale mata. Nan take kwamfutar ta saki.

Na ajiye wa Inna a kan tabarma. Bidiyon ya buɗe, Sani ya fito cikin masara yana dariya, yana cewa, "Inna, zo ki gani!"

Yaya, sai da ta amsa masa. Ta ce, "Na'am." Sannan ta juya fuska bango ta ce in kashe.

Tun ranar ba ta cin abincin kirki. Don Allah ka kira ta, ka sa mu a addu'a. Ka gaida Kawu Isa da iyalinsa.

Ƙanwarka,
Hadiza