Gargaɗin da ban yi wa Shafik ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Habu, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa ta girmamawa, na zo maka da abin kunyar da na kasa faɗa wa Umma a waya.

Ka tuna filin makarantar da ka koyar da kurket, wasan nan na bugun ƙwallo da sanda, lokacin da ’yan unguwa ke tsokanarka wai ka kawo mana wasan Turawa? Can ka nuna mini cewa idan abokin hamayya ya bar layinsa kafin in saki ƙwallo, ina iya juyowa in bugi sandunan nan uku in fitar da shi. Sai ka ɗaga yatsa ka ce, “Amma ka fara yi masa gargaɗi, Nuhu.”

To, Baba, masu doka sun canza magana. Sun cire abin daga jerin rashin adalci, ya zama fitarwa kamar kowace.

Duk Lahadi da safe nakan tashi daga unguwar Setapak, a nan ƙasar waje da nake zaune, zuwa wani fili kusa da unguwar Brickfields, mu yi wasa da Indiyawa da ’yan Bangaladash. Ranar da na fara zuwa dariya suka yi, wai ɗan Najeriya ƙwallon ƙafa kaɗai ya sani. Shafik, wani mai dafa abinci a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, shi ya miƙo mini sandarsa ta bugun ƙwallo. Kwana shida yake gaban wuta a mako, Lahadin nan kaɗai ce tasa.

Makon jiya ne wasansa na ƙarshe kafin ya koma gida ƙasarsu, kuma ɓangare daban muke. Yana da maki arba’in da takwas, bai taɓa kai hamsin ba a rayuwarsa. Na taho da gudu zan jefa, ya bar layi da taku ɗaya. Na tsaya, na bugi sanduna. Alƙali ya ɗaga yatsa, alamar Shafik ya fita. Har ihun murna na yi, Baba.

Kwana uku zaurenmu na WhatsApp yana ci da wuta. Wani ya ce doka doka ce lah, kamar yadda ’yan ƙasar nan ke ƙarasa magana. Wani ya ce ai mai barin layi shi ne mai cuta. Wani dattijo Ba’indiye ya ce doka ta ba ka dama, ba ta ce sai ka yi ba. Ni na fi kowa baki, ina ta turo hoton dokar. Shafik kalma ɗaya ya rubuta, “Boleh,” wato ba komai.

Ga abin da ba wanda ya sani. Sau biyu na ga ya bar layin tun da farko, na yi shiru. Ba mantuwa na yi ba. Ajiye damar na yi sai inda za ta fi yi mana amfani. Wallahi kunya nake ji, irin wadda ke hana mutum haɗa ido da kowa.

Jirginsa ya tashi ranar Alhamis, ban iya rakiya ba. Yau da safe na rubuta masa gaskiyar duka, har da sau biyun. Ya karanta, Baba. Bai amsa ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Allah ya buɗa wa Shafik a ƙasarsu, ni kuma ya sanyaya zuciyarsa a kaina.

Ɗanka mai kewarka,
Nuhu