Ni ce nake jiƙa injin, ba Ja'afaru ba

Madina, 9 ga Rajab 1402

Zuwa ga Yaya Shittu, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali duka. Allah ya ƙara maka lafiyar ƙafar nan, ya ja da ranka. Mu nan da sauƙi. Saura kwana talatin da biyar in fita takaba. 'Yarka Zulaiha tana nan tare da ni, ita ke yi mini cefane. Na ji addu'ar da kuka yi wa ƙaninka Malam a gida, Allah ya saka, ya kai haske kabarinsa.

Yaya, na san ƙaninku Awwalu ya riga ni rubuto maka a kan a-kori-kurar da Malam ya bari, wadda ɗanka Ja'afaru yake ɗaukar kaya da ita tsakanin filin jirgi da Uhudu. Ya ce Ja'afaru ya lalata ta da sakaci, gara a sayar. Ya karɓe makulli, ya kai ta ƙofar gidansa, akwai mai saye yana jira, amsarka kaɗai ta rage. Don Allah ka karanta wannan kafin ka amsa masa.

Gaskiya ne motar ta yi ta ba da wahala tun bayan rasuwar. Sai ta kama tari, tana fizga, tana harbi ta baya kamar bindiga, ƙarfinta ya tafi. Ja'afaru ya kai ta wurin Malam Abdou, bakanike mutumin Damagaram da ke unguwar Harra ta Yamma. Aka canza fulogi, ta yi lafiya kwana shida, ta koma. Aka wanke kafireta, aka ce ko man ne da datti, ta sake komawa. Abin haushi, duk ranar da ta je gareji lafiya lau take. Juma'ar da ta wuce waccan ta mutu masa a tsakiyar titi, da babbar mota a bayansa. Allah ne ya tsare, da yanzu makoki biyu nake yi. A ranar Awwalu ya zage shi a gaban mutane, ya ce bai gaji ubansa ba.

Malam Abdou ne ya zauna ya tambayi ranakun, ya ga kullum Juma'a da safe take yi. Juma'a kuwa gareji a rufe yake, kafin Asabar zafin garin nan ya busar da komai. Sai ya buɗe murfin da wayoyin fulogi ke fitowa daga cikinsa, wanda a nan ake kira dilko, ya tarar da ɗan tsagu da alamar ruwa a ciki. Ya tambayi Ja'afaru wa ke watsa wa injin ruwa ranar Alhamis. Ja'afaru ya ce shi ne.

Yaya, ba shi ba ne. Ni ce. Ka san Malam kowace Alhamis bayan la'asar yakan wanke motarsa a tsakar gida, har ya ɗaga murfin gaba ya wanke ƙura, ni ina miƙa masa ruwa. Da ya rasu na kasa ganin Alhamis ta wuce haka, ga shi ba fita nake yi ba. Sai na riƙa yi kamar yadda yake yi. Ashe shi yakan ɗaure wurin nan da leda tukuna. Shekara tara ina tsaye kusa da shi ban taɓa lura ba. Kaltuma matar Malam Abdou ce ta zo gaishe ni take ba ni labarin ruwan, ba ta san da ni take ba.

Na kira Ja'afaru na tambaye shi me ya sa ya ɗauki abin da bai yi ba. Ya sunkuyar da kai, ya amsa mini da Larabci kamar yadda ya saba, wai ranar Alhamis ce kaɗai yake ganin na ci abinci, ba zai iya cewa in daina ba, ba zai kuma bari a ambaci sunana a gareji ba. Na aika Zulaiha ta faɗa wa Awwalu, ya ce uwa ce nake rufa wa ɗana asiri, shi maganarka kawai zai ji.

An sa sabon murfi, ni kuma na daina. Ina roƙonka ka rubuta wa Awwalu kada ya sayar. Laifin nawa ne, a mayar wa Ja'afaru makullin ubansa.

Ka gaishe mini da Yaya Innayatu, da Larai da 'ya'yanta, da Baba Sabo.

Ni ce taku,
Mariyamu