Zaren da Ke Jikin Na'urar Malam

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. A ɓoye sunana. Ni tsohuwa ce a Keffi, ban yi boko ba, ina faɗa 'yata tana rubutawa, ina kuka tana kuka. Don Allah ku ba ni shawara, ina cikin takaba kuma ƙasa ta yi mini zafi.

Malam, Allah ya jiƙansa, mai gyaran kayan lantarki ne, inbata, dikoda, sikelin awo mai lamba, agogon masallaci. Yana da wata na'ura da yake kira janareton sigina, ba mai ba da wuta ba, ita ce ke aika wa abin da ya lalace ɗan motsi don a gane inda ciwon yake. Baki biyu gare ta. Ɗaya mai ƙarfi ne, ɗayan na kayan dijital, in ka kuskure ka jona mai ƙarfin a jikin ƙaramin allon da ke cikin kayan, ya ƙone ke nan.

Shekarun baya idonsa ya fara mutuwa. Ran da ya ƙona allon sikelin wani mai awon hatsi saboda bai ga bakin da ya jona ba, ya shigo ya zauna bai ci abinci ba. Ya ce, Hajiya, in garin nan ya ji ba na gani, ba mai sake kawo mini ko rediyo, kuma ni ba zan zauna a zaure ana tausayina ba. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, ko yana raye ko bayan ransa. Daga nan ya mayar da aikin cikin gida, na zama idonsa. Tunda ba na karanta rubutun jikin na'urar, sai na ɗauko zaren ɗinkin hulata, na ɗaura kore a bakin dijital, ja a mai ƙarfin, na yi masu ƙulli daban-daban don yatsansa ya gane. Ya koya mini in rage ƙarfin tukuna, in maƙala baƙar waya, sannan jar. Ni ke duba gilashin da ke nuna siginar in ce masa layin ya yi matakala ko yana tafiyar maciji. Har tsokanata yake, wai injiniya mai tuwo. Da haka muka ci, da haka muka rufa wa juna asiri.

Bayan rasuwarsa ƙanensa ya zo daga Jigwada duba kayan gado. Ya ga zare da ƙulle-ƙulle a jikin wayoyi, matarsa kuma ta ga irin zaren a kwallata. Shi ke nan. Ya ce dama sun daɗe suna zargi, yayansu ya daina hawa babur, ya daina zumunci, in an gaishe shi a hanya sai ya wuce, ashe ɗaure shi na yi na tsare a ɗaki har ya mutu. Na ce zaren na aiki ne, ya ce wane aiki, mutumin da ke karanta Turanci zai nemi ƙulli, ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa me ya kai ki kan teburinsa. Na yi shiru, shirun ya zama shaida.

Yanzu matan da ke zuwa taya ni zama sun ɗauke ƙafa. Na aika wa maƙwabciyata kunu, aka dawo da shi ba a buɗe ba. Dangin mijin 'yata a Gitata sun fara yi mata habaici. Ita ta ce, Inna, ki bar ni in faɗa, na hana ta, don ita ma Malam ya roƙe ta.

Ranar Juma'a dangi za su taru, sun ce in yi bayani a gaban liman. Zan iya jona na'urar a gabansu su gani da idonsu, amma tambaya ta gaba ita ce me ya sa ni ce ke jonawa.

Jama'a, malamai na ciki ku taimake ni. Rantsuwar da aka yi wa mamaci tana da kaffara? In na yi magana, na tona abin da bawan Allah ya ɓoye da dukkan ƙarfinsa, kuma ba ya nan balle in roƙe shi gafara. In na yi shiru, jikokina za su tashi ana nuna su, ana cewa kakarsu ce ta kashe kakansu. Wanne zan ɗauka in tafi da shi kabari?