Addu'ar Safe a Asibitin Unguwarmu

Mthatha

Baban Aphiwe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin haƙar ma'adinai, ya tarin nan naka? Mu dai da sauƙi, amma raina a ɓace nake rubuto maka.

Ka san tun da Aphiwe ta faɗa mana ita mace ce, ta ajiye sunan Mzwandile da muka raɗa mata, mutane suka sa ta a gaba har baƙin ciki ya kwantar da ita. Da ƙyar na lallashe ta ta fara ganin likitar ƙwaƙwalwa mai zuwa asibitin unguwa ran Talata. Har barci ya fara dawo mata.

Talatar nan, ana cikin waƙar addu'ar da nas-nas ke yi da marasa lafiya kafin a fara aiki, sai babbarsu, Sista Gcaba, ta dafa kan yarinyar nan a gaban kowa tana cewa, "Ya Ubangiji, fitar da aljanin da ke jikin saurayin nan." Masu jiran layi duk suka ce amin. Aphiwe ta dawo gida ba ta ga likita ba, magani ma ta daina sha. Jiya na tsinci kwalbar maganin wankan tumaki mai guba a ƙarƙashin katifarta, mu da ko tunkiya ba mu da ita. Tsoro nake ji ƙwarai.

A gaida abokan ɗakinka.

Matarka,
Nomvuzo

Baban Aphiwe,

Ina fata kana lafiya. Na ga amsarka, wai addu'a ba ta taɓa kashe kowa ba. Kai da kake Rustenburg ai dole ka ce haka, ba kai kake kwana a bakin ƙofar Aphiwe ba.

To, ran Talata na sa jar rigata ta zumuntar mata da farar hulata, na riƙo hannunta muka tafi. Da Sista ta ga kayan coci sai fara'a ta kama ta, ta ce, "Mama, ke za ki yi mana addu'ar yau." Na miƙe na ce, "Ya Ubangiji, ga 'yata Aphiwe, ba ta da lafiya kamar kowa a bencin nan. Ka ba masu farin kaya ikon yin aikin da aka ɗauke su yi, su bar maka naka." Amin ɗin ya fito a warwatse, ni ko a jikina. Sista ta ce da kyakkyawar niyya ta yi. Na ce niyyar tata ta kusa sa ni sayen akwatin gawa.

Aphiwe ta ga likita, ta kuma ci tuwon masara har da ƙari. Ban ce ta warke ba. Likitar ta ce abin da ta fi bukata shi ne gida inda za a kira ta da sunanta, kai kuwa wasiƙarka duk Mzwandile ce. Idan bakinka ba zai iya cewa Aphiwe ba, ka yi Kirsimetinka a can. Ina kewarka, amma ba zan binne 'yata don in gan ka ba.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Nomvuzo