Takardar Gwajin da Ta Mutu a Hannuna

Gaya, ranar Talata, bayan la'asar.

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take. Giginyata mai tsawo da ruwan Kwara ya kewaye bai kayar ba. Rakena mai zaƙi tun daga gindi har kai. Abokin hirata, abokin faɗana, Baban Basira. Sallama irin ta Musulunci, da gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan ƴar takarda. Yaya jikin? Yaya ƙirjin nan naka da ya raba ni da kai, ya ɗauke ka daga Gaya ya kai ka har Tunis, ƙasar da ko a mafarki ban san kamanninta ba? Allah Ya ba ka lafiya, Ya tashi kafaɗunka.

Kada ka yi mamakin ganin rubutu. Da hannuna nake yi, zan ɗauki hotonsa in turo maka ta waya, don na san halinka: in na kira, kafin in kai tsakiyar magana ka katse ni da dariya, ka ce in bar wannan zance. To yau ba ka da bakin katse ni. Ka gyara matashin kai, ka karanta har ƙarshe.

Kawu da ya raka ka ya kira yayanka Cha'ibu jiya. Ya ce sau biyu likitoci suna sa ranar aiki, sau biyu kana ƙi. Ya ce sun faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: zuciyar tana ƙara gajiya, kowace rana da ta wuce tana rage musu abin da za su iya gyarawa. Kai kuma ka kafe, wai ka rantse wuƙa ba za ta taɓa ƙirjinka ba sai ina tsaye bakin ƙofa. Siddo! Ka ga na kira sunanka, abin da bakina bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidanku. Ka san ke nan magana ta kai inda ta kai.

Ina tuna ranar rantsuwar nan kamar yanzu aka yi ta. Jajibirin tafiyarka ne, ka nace sai mun je Tunuga ka ga shinkafarka. Ba ka ƙarasa gonar ba numfashi ya ƙi, ka zauna gindin giginya kana haki, kana yi mini ƙaryar wai takalmi ne ya matse ka. Kogi ya cika ya yi ja, masunta na jan taru can ƙasa, ni ina ɓare maka muruci ina sa maka a hannu kamar yaro. Fasfona bai fito ba a lokacin, shi ya sa aka ce Kawu ya raka ka, ni in biyo baya. Sai ka riƙe mini yatsu, ka dube ni da idanun nan da suka faɗa, ka ce wallahi tallahi ba mai tsaga ka sai fuskata ce abin ƙarshe da za ka gani. Wayyo ni! Daɗi na ji har cikin ƙashina. Wace mace ce za a gaya wa haka ba ta ji daɗi ba? Na ɗauka maganar sati biyu ce.

An gaya maka na rasa jirgi, amma ba a gaya maka yadda aka yi ba, kuma akwai abin da aka ɓoye maka gaba ɗaya. Bari in warware maka.

Da fasfo ya fito aka sami wuri a jirgin Alhamis, sai aka ce ba mai shiga sai da takardar gwajin korona, kuma ba ƙaramin gwajin nan na nan take ba, babban da ake zura tsinke a hanci a kai ɗakin bincike a Yamai. Ka san mu mutanen bakin iyaka yadda muka ɗauki takarda. Ka tuna karnenka, ɗan littafin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara, wanda ke cikin akwatin kamiyonka, babbar motarka ta kaya, tun kafin a haifi Basira? Ya yi baƙi da mai da gumi, har yau jandarma in ya karɓa dubawa yake ya miƙo maka. Haka muka saba: takarda a yi ta da wuri, a lulluɓe ta, a ɓoye, ta tsufa tare da mai ita. Ga kuma Inna, mahaifiyarka, ta ce mace ba ta ƙetare teku ba ta yi sallama da dangi ba, kuma ba a fara sallama sai komai ya kammala a hannu, kada a yi ban kwana a dawo ana sunkuyar da kai. Saboda haka tun Asabar Yaya Cha'ibu ya ɗauke ni sai Yamai.

Ba zan ce ba a faɗa mana ba. Matar da ta zura mini tsinken ta tambaye ni ranar tafiya, da na faɗa ta girgiza kai, ta ce na yi wuri, wannan takarda awa saba'in da biyu kawai take rayuwa. Na juya na dubi Yaya. Amma da muka fito Yaya ya yi murmushin nan nasa na tsohon direba, ya ce wace irin takarda ce mai hatimi da sa hannu za ta ruɓe kamar kifi? Ya ce shekara nawa yana ƙetare gadar Malanbil zuwa Kwatano, bai taɓa ganin shingen da magana mai daɗi ba ta buɗe ba. Wa zan musa wa, yayan mijina? Rezilta, wato sakamakon gwajin, ya fito negatif, ba ni da ciwon. Yaya ya kai takardar kasuwa aka manne ta cikin roba tana sheƙi, muka kamo hanyar Doso zuwa gida muna murna.

Sai sallama. Kai, Baban Basira, ashe haka ake son ka! Gaya unguwa-unguwa, Tunuga, har Bengu wajen gwaggwanninka. Kowane gida a riƙe hannuna a yi addu'a, tsofaffi su rungume ni su tofa mini a ka, a kawo fura a ƙwarya ɗaya mu zagaya da ludayi. Wannan ta ba da yaji a kai maka, wannan kilishi, wancan rubutun sha a gora. Takunkumina yana cikin jaka, don ta yaya zan rufe fuska a gaban matar da ta goya ka? Kowa ya ce a nuna masa takardar, a juya ta a rana, a ce masha Allah.

Ranar Alhamis a filin jirgin Yamai, wata yarinya ce a bayan tebur, ba ta fi ƙanwata ba. Ta karɓi takardar, ta dubi kwanan wata, ta dube ni. Ta ce lissafin daga lokacin da tsinke ya shiga hanci yake farawa, ba daga lokacin da rezilta ya fito ba, kuma ko ta ina aka lissafa, tawa ta mutu tun Talata. Ta mutu! Tana hannuna tana sheƙi, ba ko lanƙwasa a jikinta. Yaya ya cire hula. Ya yi Hausa, ya yi Zabarmanci, ya yi Faransancinsa na kan hanya, ya kira ta ƴarsa, ya nuna mata hotonka a gadon asibiti. Ba ta yi mana tsawa ba, idonta ma ya kawo ruwa. Ta ce ko ta bar ni na wuce, can in na sauka a jirgin nan za a juyo da ni. Na nemi a sake gwajin a wurin, aka ce rezilta ba zai fito kafin tashi ba. Ina zaune kan akwatina a waje, yaji da kilishinka a ciki, na ji ƙarar jirgin ya tashi ya bi ta kaina.

Babu wani wuri sai sati mai zuwa, sai muka dawo gida. Ba sai na gaya maka yadda ake shiga unguwa bayan an yi sallama da kowa ba. Amma kunya ba ta kai komai ba a kan abin da ya biyo baya, kuma shi ne abin da suka ɓoye maka. Kwana kaɗan da dawowa jikina ya ɗau zafi, tari ya kama ni. Wata safiya na ɗauko rigarka shuɗiya da ka bari a ƙusa, wadda na hana a wanke, na tusa fuskata ciki yadda na saba, ban ji komai ba. Ba turarenka, ba gumi, ba warin man gazuwal na mota. Kamar na shinshini iska. A nan na zauna ƙasa na yi kukan da ban yi ba a filin jirgi. Aka kai ni asibitin nan garin aka gwada, ya fito pozitif, korona ce. A cikin sallamar nan na kwaso shi, a hannun waɗanda suka yi maka addu'a, kuma ban san na wa ba, ba na ma son in sani.

Kada hankalinka ya tashi, ciwon bai kwantar da ni ba, zazzaɓin ma ya fara sauka. Ina ɗakinmu ni kaɗai, ƙofa a rufe. Ana ajiye mini abinci a dokin ƙofa a ja da baya. Inna tana shimfiɗa tabarma can gindin mangwaro tana jan carbi, tana ɗaga murya tana tambayar ko na ci. Basira kan zo taga ta manna hanci a jikin wayar tagar, ta ce yaushe zan je in ɗauko Baba. Yaya Cha'ibu kuwa tun da muka dawo kamiyonsa bai motsa ba, yana zaure ba ya haɗa ido da kowa, ya rame kamar shi ne mai ciwon. Kada ka riƙe shi a zuciya, abin da hanya ta koya masa ya yi.

Ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Lokotoro, likitan da ke duba ni, ya ce ko bayan jiki ya warke sarai, babban gwajin nan yakan ci gaba da ganin burbushin ciwon a hanci, wani sati biyu, wani wata, wani fiye da haka, ba wanda zai iya yanke rana. Kuma muddin bai fito negatif ba, ba jirgin da zai ɗauke ni ko da kuka zan cika filin. Ka ji? Ba ni da ranar da zan ba ka. Ba ni da ita, hasken raina! Kana can kana ƙirga mini kwana da zuciyar da ba ta da kwanakin bayarwa.

Haba Baban Basira! Wane irin so ne wannan da zai mayar da ni mai takaba? Me zan yi da rantsuwa in babu mai rantsuwar? In zo in tsaya bakin wace ƙofa, ta ɗakin aiki ko ta ɗakin da ake ajiye gawa? Ina jin haushinka, wallahi ina ji, har in kama wayar in ajiye. Taurin kan nan naka da ya sa ka bi ni shekara biyu ina yi maka yanga har na yarda, shi ne yau ya sa mini wuƙa a wuya. Kana tsammani in aka ce ka tafi saboda jirana zan iya ɗaga ido in dubi Inna? Zan iya shan ruwan gidan nan? Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa ji ba, ko ranar haihuwar Basira.

Na san abin da ke riƙe da kai, sunan Allah da ka kama. Inna ta aika wajen liman an tambayo. Ya ce wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga abin da ya fi shi alheri, ya aikata alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Ya ce mu nan za mu iya ciyarwa a madadinka, amma sai da izininka. Shinkafa tana nan, ta gonarka ce, Inna ta riga ta auna ta ajiye gefe, ta ce ita da kanta za ta dafa tunda hannuna ba ya taɓa tukunyar kowa yanzu. Ni da aka yi rantsuwar domina na yafe, na sake ka, duniya da lahira. Bakinka kawai muke jira.

Ni kuma ga nawa alkawarin. Ranar da jikina ya wanke, ba zan yi sallama da kowa ba, ko maƙwabciya ba za ta ji fitata ba. Zan je Yamai in zauna, in bari sai jirgi ya matso sannan in miƙa hancina, in karɓi takardar in wuce da ita tana da ɗuminta. In ta fito pozitif in sake, in ta sake fitowa in sake, har hancin ya yi jini. Zan zo in same ka da ɗinki a ƙirji, kana ƙorafin abincinsu ba yaji, in zauna gefen gadonka in yi maka faɗan da na tara. Fuskata ba za ta zama abin ƙarshe da za ka gani ba, na haƙura da wannan. So nake ka daɗe kana ganinta har ta yamutse ka gaji da ita.

Ka ajiye wayar nan yanzu, ka sa Kawu ya kira likita, ka ce ka yarda. Ka shiga da bismilla, Allah Yana can kamar yadda Yake nan. Kada ka kira ni sai ka sa hannu a takardarsu. In na ga lambarka kafin nan ba zan ɗauka ba, zan zauna in kalli wayar tana kuka ina kuka. Na so in rantse maka a kan haka, amma rantsuwa ɗaya ta ishi gidan nan.

Taka ce ni, a bayan wannan ƙofa da bayan kowace ƙofa, ba ni da wani kafin kai, ba ni da wani bayanka,

Aisata.